Baduku ya tsaya a kan takalmi: tambayoyi da amsoshi kan maganar "kowa ya tsaya a fagensa"

Wannan magana ta "kowa ya tsaya a fagensa" kusan kullum sai ka ji an jefi wani da ita a garin nan na Jos, ko a teburin mai shayi a titin Bauchi ko a guruf ɗin 'yan uwa na WhatsApp, kuma yawanci sai musu ya yi zafi ake ɗauko ta don a toshe wa mutum baki. Ni a ganina an rage mata daraja da aka mayar da ita haka, don tsohuwar magana ce mai nauyi, kuma akwai waɗanda suka rasa lafiyarsu da dukiyarsu har da ransu saboda wani bai yi aiki da ita ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wai daga ina maganar baduku da takalmi ta fito?

Daga ƙasar Girka ta fito, sama da shekara 2,300 da suka wuce. Akwai wani mai zane ana ce masa Afelis, shi ne yake zana hoton Sarki Iskandar na Makidoniya, kuma a zamaninsa ba a ga kamarsa ba. Al'adarsa in ya gama zane sai ya kafa shi inda jama'a ke wucewa, shi kuma ya laɓe a bayan allon yana sauraron abin da za su ce. Wata rana wani baduku ya tsaya ya duba, ya ce ai takalmin da aka zana ɗin nan ba daidai yake ba, an rage maɗauri ɗaya ta ciki. Afelis bai ce komai ba, ya je ya gyara. Washegari baduku ya dawo ya ga an bi maganarsa, sai kansa ya kumbura, ya fara cewa ai ƙafar ma ba a zana ta daidai ba. Nan ne mai zanen ya leƙo ya ce masa baduku kada ya yi hukunci a kan abin da ya wuce takalmi.

Wani marubucin Rum mai suna Filini Babba, wanda ya mutu a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya rubuta labarin, daga nan ya zama karin magana a harsunan Turai da yawa.

Mu Hausawa ba mu da tamu ne sai mun aro ta wasu?

Muna da su, har sun fi ɗaya. "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne" ita ta fi kusa, wato ɗan abin da ka sani ka ɗauka ka gama sani shi ne zai ɗaure ka. Akwai "shiga sharo ba shanu" ga wanda ya tsoma kansa cikin abin da ba shi da hannu a ciki. Akwai kuma "kowa da kiwon da ya karɓe shi".

Kuma ba a baki kaɗai kakanninmu suka bar abin ba, sun gina shi a tsarin gari. Shi ya sa ake da Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska da Sarkin Noma da Sarkin Magina, kowace sana'a da shugabanta wanda in rigima ta tashi a cikinta shi ake nema. Sarki da kansa in zai gina soro ba ya cewa tunda ni ne sarki na san yadda ake ɗaura baka, magini yake kira. Masallacin Juma'a na Zariya da aka gina a shekarun 1830, wanda har yau masana gini ke zuwa kallon bakunansa, sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu ake kira in ana maganarsa, don shi ne mai aikin.

To a taƙaice nufin maganar shi ne ƙaramin mutum ya yi shiru kenan?

A'a, kuma nan ne aka fi yi wa maganar gurguwar fahimta. Ku sake duba labarin. Badukun nan ya yi gaskiya a ranar farko, kuma babban mai zane na duniya ya karɓi gyaransa ba gardama, don a kan takalmi baduku ya fi shi sani nesa ba kusa ba. Mutane sun riƙe tsawar rana ta biyu sun manta da gyaran rana ta farko.

Saboda haka maganar fuska biyu gare ta. Ta farko, kowa yana da wani yanki da shi ne gwani a ciki kuma dole a saurare shi a wurin komai ƙanƙantarsa. Matar da ke soya awara a Unguwar Rogo ta fi farfesa sanin lokacin da mai ya yi zafin da ya dace, manomin dankalin Turawa a Bokkos ya fi kowane ma'aikacin ofis sanin gonarsa, uwa ta fi kowa sanin cewa kukan yaron nan na yau ba irin na kullum ba ne, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Ta biyu, wannan yankin yana da iyaka, kuma mutum ya san inda iyakar take. Wanda ya ɗauki ta biyu kaɗai yana dukan na ƙasa da shi da ita bai fahimci maganar ba.

Addini ya ce wani abu a kan wannan?

Sosai ma. A Suratun Nahli aya ta 43 Allah ya ce ku tambayi ma'abota sani in kun kasance ba ku sani ba, kuma a Suratul Isra'i aya ta 36 ya hana mutum bin abin da ba shi da ilimi a kansa. A Bukhari akwai hadisin da ya ce in aka damƙa al'amari ga waɗanda ba su cancance shi ba to a saurari tashin Alƙiyama. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to shi ke da alhakin abin da ya faru.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne na dabino da ke cikin Muslim. Manzon Allah (SAW) ya wuce mutanen Madina suna yi wa dabino barbara, ya nuna musu cewa ko ba su yi ba zai yi kyau, suka bari, shekarar dabinon bai yi albarka ba, da suka faɗa masa sai ya ce ku ne mafi sani ga al'amarin duniyarku. Fiyayyen halitta kenan ya bar wa manoma fagensu. Imam Malik kuma an ruwaito an yi masa tambaya 48 ya ce "ban sani ba" a guda 32, kuma wannan bai rage shi da komai ba a idon duniya.

'Yan uwanmu Kirista ma suna da shi a 1 Korintiyawa sura ta 12, inda aka ce ido ba zai ce wa hannu ba na bukatarka ba, kowace gaɓa da aikinta.

Ai shawara ce kawai mutum yake bayarwa, wa ta taɓa kashewa?

Duk wanda yake Jos da wayonsa a watan Agusta 2014 ya san amsar wannan. Lokacin cutar Ebola ta shigo Legas, daren Alhamis wayewar Juma'a 8 ga wata wayoyi suka dinga ƙara tun kafin asuba, wannan ya kira wannan, wannan ya tura wa wannan saƙo, wai a tashi a yi wanka da ruwan zafi da gishiri a kuma sha, shi ne rigakafi. Iyaye suka tashi yara cikin sanyin nan namu na damina ana ta dafa ruwa, masu hawan jini suka dama gishiri suka shanye. Jaridu sun ruwaito aƙalla mutum 2 sun rasu, wasu da dama an kwantar da su a asibiti, kuma jiharmu ta Filato na cikin inda abin ya fi shafa. Ita cutar kanta ko leƙo Filato ba ta yi ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne babu mugu ko ɗaya a cikin waɗanda suka kira 'yan uwansu a daren nan, ƙauna ce ta sa su, amma babu wanda ya tsaya ya ce ni fa ba likita ba ne, wa ya faɗa? Wadda ta tsare ƙasar nan a lokacin likita ce da ta san aikinta, Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana mutumin da ya shigo da cutar fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ma ta kamu ta rasu a cikin watan. Zuwa 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu.

Wa ya fi faɗawa wannan ramin, jahili ko mai ilimi?

Ni dai na fi jin tsoron mai ilimi. Wanda bai yi karatu ba in ya yi magana a kan magani mutane na iya cewa kai rabu da shi, amma malamin da dubban mutane ke zama gabansa, ko likita, ko lauya, ko babban ɗan kasuwa, in ya tsallaka fagen da ba nasa ba yana tafiya ne da girman da ya samu a nasa fagen, kuma mai sauraro ba ya iya rabewa. Likitan ido yana iya yin fatawar gado ya yi ɓarna, malamin fiƙihu yana iya cewa a daina shan maganin suga ya yi ɓarna, kuma duka biyun za a yarda da su saboda sunansu.

Ba a nan kaɗai ba. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Lainus Folin, ya ci kyautar Nobel har sau biyu, a 1954 da 1962, daga baya ya dage cewa shan bitamin C mai yawa yana maganin mura har ma yana taimakon masu ciwon daji, miliyoyin mutane suka bi shi saboda sunansa, da likitoci suka gwada a kan masu ciwon dajin ba su ga amfanin da ya faɗa ba. Gwani ne na gaske, amma a wani fage daban.

Mai kemis ɗin unguwarmu ya shekara da shekaru yana ba mu magani muna warkewa, shi ma bai san aikinsa ba?

Ya san nasa, kuma ba na raina shi, don a unguwanni da yawa shi ne farkon wanda ake bugawa ƙofa da daddare. Sai dai lasisin da PCN, hukumar da ke kula da harkar magunguna da masu sayar da su, ke ba irin waɗannan shaguna na sayar da ƙananan magunguna ne irin waɗanda ba sa bukatar takardar likita, bai ba su damar yin allura ko ƙarin ruwa ko gano cuta ba. Mai kemis na ƙwarai za ka ji ya ce "Hajiya, wannan zazzaɓin kwana uku bai sauka ba, ki kai shi asibiti a yi gwaji." Wanda ba na ƙwarai ba shi ne mai haɗa ƙwaya biyar shida a leda ya ce a sha safe da yamma, komai ka kawo masa taifod ne da maleriya, har ƙoda ta taɓu sannan a kwashi mutum zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo lokacin da abu ya riga ya yi nisa.

Haka abin yake ga maɗori. Akwai karayar da ya iya kuma an gada a gidansu, akwai wadda ƙashi ya fasa fata ya fito ko yatsu suka fara yin baƙi, wannan in ya ɗaure ƙafar ce za a rasa. Masu kaji ma haka, cibiyar binciken lafiyar dabbobi tana nan Vom tun 1924, amma mutum zai zuba wa kaji maganin mutane don maƙwabcinsa ya ce shi ma haka ya yi.

To su masanan ba sa kuskure ne? Sai mu rufe ido mu bi su?

Suna yi, kuma wani lokacin ba kuskure ba ne ma, zalunci ne. Mutanen Arewa ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda ya ce rashin yardar mutanenmu ba shi da dalili bai yi adalci ba.

Amma mafita ba ita ce ka koma wurin wanda bai san komai ba. In ba ka gamsu da likita ba ka je wurin wani likitan, in injiniya ya ba ka lissafin da ba ka yarda ba ka nuna wa wani injiniyan mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Kana da haƙƙin ka tambaya, wannan maganin na mene ne, me zai faru in ban sha ba, akwai wani zaɓi? Masanin da ke jin haushin tambaya shi ma akwai matsala a tare da shi.

Wannan ba zai sa mutum ya daskare a sana'ar gidansu ba? Ɗan maƙeri dole ya zama maƙeri?

Ko kaɗan. Maganar ba ta hana ka shiga sabon fage ba, ta hana ka shiga ta katanga ne, ka shiga ta ƙofa ka zauna a koya maka. Ladi Kwali da hotonta ke bayan naira 20 ta riga ta zama gwanar ginin tukwane irin na gargajiya tun a ƙauyensu, amma a 1954 ta shiga makarantar koyon tukwane ta garin da a lokacin ake kira Abuja, Suleja ta yanzu, ta koyi aiki da injin juyi da gashi a babban murhu kamar kowane ɗalibi, sannan ta haɗa da nata na gado har aikinta ya kai Landan. Yau yaron da ubansa mahauci ne yana iya zama gwanin haɗa sola ko gyaran waya, muddin ya yi zaman koyo a ƙarƙashin wanda ya iya. Kallon bidiyo biyu a YouTube dai ba shi ne zaman koyo ba.

Siyasa fa? In na soki gwamnati sai a ce mini ni ba masanin tattalin arziki ba ne.

Wannan shi ne inda ake cin amanar maganar. Kai ne ka je kasuwar Katako ka ga nawa mudun masara ya koma, kai ne famfon gidanku ya yi wata bai kawo ruwa ba, kai ne ka biya kuɗin keke daga Taminos zuwa gida. A wannan kai ne baduku kuma takalmin a ƙafarka yake, babu mai digirin da zai ce maka ba ya matse ka. Inda za ka yi hattara shi ne in ka wuce "abu ya yi tsada" ka fara kawo alƙaluman da ba ka san inda suka fito ba, ko ka ba da labarin abin da ya faru a wata unguwa alhali ba ka je ba ba ka gani ba. Mu da muka ga rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010 mun san abin da "an ce" take iya jawowa a garin nan.

Yaya zan gane gwani na gaske tun kafin ya yi mini ɓarna?

Ka saurari ko yana iya cewa "wannan ba nawa ba ne". Je ka garejin makanikai a Farin Gada ka tsaya ka gani. Mota ta zo tana ƙin tashi, ogan garejin ya buɗe bonet, ya sa yaronsa ya murza makulli, ya kara kunne, ya taɓa fulog ya duba mai, sai ya goge hannu da tsumma ya ce "Alhaji, injinka lafiya lau, wannan matsalar wuta ce, bari in kira maka rewaya." Ya bar kuɗin da zai iya karɓa ya tafi aljihun wani. A wurin kowa da nasa, mai inji daban, mai giya daban, rewaya daban, mai bugun jikin mota daban, mai faci daban, kuma sun san juna. Wanda za ka guda shi ne mai cewa "ba matsala oga, duk ina yi", ya ɗauko fulaya ya fara yanke waya yana haɗawa yana gwadawa, motocin yanzu kuma masu kwamfuta ne, waya ɗaya ya haɗa ba daidai ba ya ƙona maka abin da ya fi kuɗin gyaran sau goma.

Sai kuma ka tambayi a ina ya koya, wa ya koya masa, ina aikin da ya yi a baya. Birkilan da ya ce zai ɗora maka bene ba zane ba injiniya don ya rage maka kuɗi, yana iya zama gwanin jera bulo na gaske, amma lissafin rodi da nauyin da ginshiƙi zai ɗauka wani ilimi ne daban, kuma waɗanda za su kwana a ƙarƙashin benen iyalinka ne.

Kawuna ne yake turo odiyon shawarar magani a guruf ɗin gida, yaya zan yi ban yi rashin kunya ba?

Kada ka ƙaryata shi a gaban jama'a, in ka yi haka ko gaskiya ce da kai ka faɗi, don 'yan uwa za su bar maganar magani su koma maganar tarbiyyarka. Ka kira shi ko ka je har gida ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka ce "Kawu, na ji saƙon nan da ka turo na shuwaka da maganin suga, Allah ya saka da alheri da kake tuna mu, amma ina jin tsoro saboda Inna tana kan magani kada ta ji ta daina sha. Ko za mu tambayi likitanta tukuna?" Yawancin manya in ka zo musu ta nan suna saurara, don su ma ba cuta suka nufa ba.

Kuma kai ma kada ka zama likitan, kada ka ce ai ni na karanta a intanet cewa ƙarya ne, ka dai tura maganar inda ta dace. In akwai nas ko likita ko mai harhaɗa magunguna a dangi, ku roƙe shi ya riƙa duba irin waɗannan saƙonni kafin kowa ya yi aiki da su. Sannan a ranar ka buga wa Inna waya ka tabbatar ba ta ajiye ƙwayarta ba, in ta riga ta ajiye a kai ta a auna sugan a ranar, kada a jira sai ranar da aka rubuta mata ta koma asibiti.